Rabin Ɗaki Gora, Rabi Daɓe

Me ya sa mutumin da bai taɓa ganin gora tsaye a inda take tsirowa ba ya ƙwallafa rai sai ya shimfiɗa ta a ƙasan ɗakinsa? Na tambaye shi yana da rai, ya ce ba zan gane ba. Na tambayi 'ya'yansa bayan ya rasu, kowa ya ba ni amsa daban. Har yau in na zauna ni kaɗai a ɗakin nan sai tambayar ta dawo, in yi ta kuka, ban kuwa samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, in na karkace a yi haƙuri.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, ni ma can aka haife ni. Aikin ramin uranium ya kawo shi Akokan, kusa da Arlit, yana saurayi, daga baya ya je ya ɗauko ni. Aikinsa a ƙarƙashin ƙasa shi ne ƙwanƙwasa. Bayan an fasa dutse, kafin kowa ya shiga, shi ke yin gaba da doguwar sandar ƙarfe, yana bugun dutsen da ke bisa kai yana saurare. In ya amsa tsaf, lafiya lau, a shiga. In ya amsa kamar ganga, to ya saki, sai a ɓamɓaro shi kafin ya faɗo wa wani. Da wannan kunnen ya ciyar da mu. Ranar da ya ajiye aiki, wasu da hula suke dawowa gida, wasu da takalmi, shi kuwa da sandar ya dawo, da halin. Ya ƙwanƙwasa bango, ya ƙwanƙwasa randa, ya ƙwanƙwasa kankana a kasuwa har mai kankana ya roƙe shi don Allah ya riƙa bin ɗaya layin. Abin da ya ɓata al'amarin shi ne injuna sun riga sun cinye masa kunnen. Sai ya buga abu, ya juyo ya dube ni: “Me ya ce?” Haka na zama kunnen Malam ba tare da an nemi shawarata ba.

Da muka bar gidan kamfani muka gina namu na ƙasa a Arlit, kowa siminti yake zubawa a ɗaki. Ni na ce daɓe nake so irin na gida. Ɗorawa ba ta tsiro a nan, sai da na aika Damagaram aka kawo mini buhun makuba bisa kamiyo, babbar motar kaya. Makuba ita ce ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi ya yi duhu. Na dama fura, na kira matan garinmu da aure ya kawo nan kamar yadda ya kawo ni. Muka durƙusa a jere da madaɓai, ana waƙa ana bugu, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Na san wurin kowacce. Akwai bahaguwa, wadda ta bar mini ɗan kwari kusa da bango. Akwai mai jiki, wadda waƙarta ta fi bugunta yawa, wurinta har yau ya fi laushi. Wasunsu sun rasu. Sauran, da aka rufe ramin Akokan, mazansu suka kwashe su suka koma kudu. Ba ni da hoton ko ɗaya. Daɓen nan ne kawai ya rage mini daga gare su, shi ne kuma Malam ya tashi zai fasa.

Ɗanmu na biyu ne ya jawo. Yana aiki a wani birni na bakin teku, ya zo ganin gida, ya nuna wa ubansa hoton ɗakin maigidansa a talho, wato wayar hannu. Ƙasan ɗakin na ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Malam ya ce wane irin katako ne wannan. Yaro ya ce ba katako ba ne, gora ce, ake tsaga ta a matse a goge ta fito falle-falle. Malam ya riƙe talhon nan har shayinsa ya huce. Da ya ɗago sai ya ce, “Ita nake so.”

Na ce, “Gora, Malam? Wadda makiyaya ke korar shanu da ita?”

Ya ce, “Me kika ce?”

Haka yake. In maganar ba ta yi masa ba, kurumtar ta fi tsanani.

Bayan wani lokaci direban kamiyo ya kawo mana ƙunshi, an naɗe shi da tsumma kamar jariri. Na kwance, sai ga 'yan falle uku, kowanne kamar allon karatu: ɗaya fari, ɗaya ja kamar shayi, ɗaya mai zane-zane. Yaron ya aiko ubansa ya zaɓa. Da wani ne, da ya dubi launi ya nuna da yatsa, an gama. Malam kuwa ya jera su a tsakar gida, ya shiga ɗaki ya fito da sandar ƙarfe.

Ya bugi farin. “Me ya ce?”

Na ce, “Ya ce a mai da shi inda ya fito.”

“Ke tsohuwa, aiki nake. Me ya ce?”

“Kamar ƙwaryar da ba komai ciki.”

Ya bugi jan, na ce shi ma haka. Ya bugi mai zane, na ce wannan ma ya fi su zama ƙwarya. Ya dube ni ya daɗe, sai ya shiga ɗaki ya bugi daɓena, ya ce to wannan fa? Na ce wannan ya amsa kamar mutumin kirki. Ya ce ya ga alama kunnen nan nasa na biyu yana da ɓangare. Ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a ƙasa, ya sake bugu, wai yana ji ta hannu. Ya miƙe yana kaɗa kai, ya ce da a cikin rami ne da bai bar kowa ya shiga ba. Na ce ai ba bisa kanka yake ba, ƙarƙashinka yake, ina zai faɗa?

Da ya ga ba zai samu gaskiyar da yake so daga gare ni ba, sai ya kwashi fallayen ya kai rumfar da tsofaffin ma'aikata ke shan shayi. Can aka yi musu shari'a. Aka ɗora musu buta mai zafi. Aka zuba musu shayi a ga wanda zai riƙe tabo. Wani mai sauran haƙora ya ciji farin. Aka bar su a rana bisa rufin kwano, aka manta da su har jan ya lanƙwashe. Babban amininsa, wani Ba'abzine da suka yi aikin rami tare, ya ce shi bai ga abin wahala ba, a zuba rairayi mai laushi a ɗaki, in ya yi datti a kwashe a kawo sabo, ga shi nan Allah ya tara mana kyauta har ya yi yawa. Malam ya ce masa mutumin da ya girma a tanti ba ya sa baki a maganar ɗaki. Suka kwana biyu ba sa gaisawa, sannan suka ci gaba da shayinsu. A ƙarshe mai zane ya ci, don shi kaɗai akuyarmu ta lasa ta bari.

Kaya suka iso ɗauri-ɗauri, Malam ya kira kafinta. Kafinta ya shigo ɗaki, ya taka nan ya taka can, ya tsaya daidai kwarin bahaguwa ya ce, “Baba, wannan ƙasa ba ta miƙe ba. Sai an fasa ta an kwashe, a zuba siminti, in ya bushe a shimfiɗa.”

Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a tsakiyar ɗaki, na jawo tiren shinkafa na fara tsinta.

Kafinta ya ce, “Inna, za mu yi awo.”

Na ce, “Ku auna da ni.”

Malam ya ce, “Tashi mana, kina ba ni kunya gaban baƙo.”

Na ce, “Me ka ce?”

Kafinta ya juya baya yana tari. Ranar a nan na yi azahar, a nan na yi la'asar. Washegari ma haka. Tuwo ya fara makara, ranar da ta biyo baya bai zo ba sam. Malam mutum ne mai haƙuri da komai ban da yunwa. Ya zo ya tsuguna gabana ya ce to a yi sulhu. A rami, in ƙasa ba ta miƙe ba, ba kullum ake fasa ta ba, wani lokaci katako ake girkawa a bi ta kai. Za a girka katako bisa daɓen ba tare da an taɓa shi ba, a shimfiɗa gorar a sama. Amma rabin ɗaki kawai zai yiwu, na can ciki, don in aka ɗaga wajen ƙofa, ƙofar ba za ta buɗe ba. Na ce na yarda da rabi. Ya ce, “Na bana ke nan. Sauran ɗaurin suna nan, wata rana sai na rufe miki shi duka.” Na ce Allah ya kai mu.

Aka gama aiki. Rabin ɗaki ya tashi sama kamar taƙi guda, daga bango zuwa bango, yana ƙyalli. Malam ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, ya sa babbar riga ya zauna a tsakiya yana jiran masu zuwa kallo. Abin da ba mu yi tunani ba, ni da shi da kafinta, shi ne a wurinmu abin da aka yi da itace aka ɗaga daga ƙasa a cikin ɗakin mata da miji, sunansa ɗaya ne: gado.

Mijin 'yarmu ne ya fara zuwa. Yaro mai kunya, bai taɓa haɗa ido da mu ba. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa. Malam ya daki gorar da hannu ya ce, “Hawo, hawo nan kusa da ni.”

Yaro ya sunkuyar da kai. “Nan ma ya isa, Baba.”

“Hawo mana ka ji yadda take! Ni da tsohuwa ba mu cika ta ba.”

Gumi ya karyo wa yaron nan. Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa, ya ce ya tuna ya bar ɗan kabu-kabu yana jiransa. Ya fita da takalmi a hannu. Da yamma 'yarmu ta zo tana haki, ta ja ni gefe ta ce, “Inna, lafiya Baba yake? Wai ya ce wa mijina ya hau gadonku.”

Kafin Juma'a labari ya gama unguwa. Mata suka riƙa zuwa aron abin da suke da shi a gida, don su leƙa. Maƙwabciyata, Ba'adara mai baki, ta tsaya a ƙofa ta riƙe haɓa ta ce, “Ke Hajiya, da tsufanku? Gado bango da bango? Mu da muke amare ma ba a yi muna haka ba!” Na ce ƙasan ɗaki ne. Ta ce, “I, ƙasa ce mai ƙafafu.” Abokansa na rumfa suka zo, su ma suka jeru a kan daɓena, ba wanda ya yarda ya hau. Ba'abzinen ya ce shi dai ya san a rami tare suka kwana a wuri ɗaya, amma wancan lalura ce. Malam yana can sama shi kaɗai kamar mai jiran a ɗaura masa aure, baƙinsa duka suna wajena. Shayi kawai na riƙa miƙa masa sama.

Sai kuma gorar ta fara nuna ba 'yar nan ba ce. An hana ni yayyafa ruwa kafin shara, wai ruwa na kumbura ta. To, bazara ta shigo da zafin Arlit, gora ta bushe ta tsuke, tsakanin falle da falle ya buɗe. Allurata ta faɗa ciki. Carbin Malam ya tsinke, rabin 'ya'yan suka bi ta nan. Ɓeraye suka gane an gina musu gida da rufi mai kyau, suka tare. Aka kira ɗanmu na bakin teku a talho, ya tambayo, ya ce wai iskar garinmu ce ba ta da laima, a ajiye ruwa a ɗakin. Na ce a gane mini: ba a zuba mata ruwa, amma tana son ta ga ruwa? Malam ya kwashe kwanonina ya cika su ya jera a gefen bango. Kullum da safe ya bi su yana ƙarawa, kamar mai shayar da tumaki. Kaji suka ji labari su ma suka riƙa shigowa sha.

Wata rana da tsakar rana muna zaune, shi a sama ni a ƙasa, sai gorar ta yi ƙara, ƙas, kamar an karya ƙashi. Kunnensa bai ji ba, amma ƙafarsa ta ji. A rami, in dutse ya yi wannan ƙarar ba a tsayawa tambaya. Tsohon da ke ɗaukar lokaci kafin ya miƙe daga sallah, ban san lokacin da ya diro ba. Ya cafki wuyan hannuna ya fizge ni, muka fito tsakar gida a guje, kallabina a ƙasa, ƙullun da nake tacewa ya bi zanena. Muka tsaya a rana muna haki, yana kallon ɗaki yana jiran ya rufta. Ɗaki yana nan tsaye. Kaza ta fito daga ciki a hankali ta wuce mu.

Na ce, “Gorarka ce fa.”

Ya ce, “Na sani. Gwada ki nake in ga ko kina da sauran gudu.”

A bazarar nan mun yi wannan gudun ya fi a ƙirga. Ina masifa, maƙwabta na dariya ta kan katanga. Sai yanzu nake lura, ko sau ɗaya bai taɓa fita shi kaɗai ba. Ko ina can ƙuryar ɗaki sai ya koma ya kamo hannuna. Dakata kaɗan, bari in share fuskata.

Haka muka zauna, rabi da rabi. Duk shekara sai ya ɗaga buhun da ya rufe sauran ɗaurin ya ce bana ne, ni kuma in jawo tiren shinkafa, sai ya mayar da buhun. Har tarin da ya daɗe yana yi ya zauna masa a ƙirji. Aka kai shi likita, aka dawo da shi, aka sake kai shi, daga baya suka ce a kula da shi a gida. Ya rame har ina iya juya shi ni kaɗai. Shimfiɗarsa tana can bisa gorar, saukowa ta zama aiki.

Yaron nan na bakin teku ya zo. Ya ga ubansa, ya fita waje ya yi kukansa, ya dawo ya same ni a madafa. Ya ce, “Inna, Baba ya daɗe yana son ya ga ɗakin nan a gama. Ga kaya a ajiye. A sauke wannan tudun, a fasa ƙasa a zuba siminti, a shimfiɗa duka bai ɗaya. Ba hawa ba sauka, kuma ya gani da idonsa. Mu mai da shi ɗaya ɗakin kafin a gama.”

Me zan ce? Da lafiyarsa ne da na san inda tabarmata take. Amma ba a jayayya da mai ciwo a kan abin da ransa ke so. Na ce a yi. Da la'asar na shiga na share daɓen, na zauna ina shafa wurin kowacce, ina kiran sunayensu a zuci. Na ɗauka barci yake. Ban yi kuka da ƙarfi ba, ko da na yi ma ai ba ya ji.

Da safe ina dama koko kafinta ya iso da masu diga. Yaro ya shiga don a ɗauko uban, sai na ji ya yi salati. Na yar da ludayi na ruga. Malam ba ya kan shimfiɗarsa. Yana ƙasa, kwance a tsakiyar daɓe, ya jawo matashinsa da bargonsa, har da butarsa ya ajiye kusa da kai. Yadda ya yi ya sauko da wannan jikin, Allah kaɗai ya sani.

Yaro ya ce, “Baba, bari mu ɗaga ka, masu aiki sun zo.”

Ya ce, “Me ka ce?”

Yaro ya ɗaga murya ya maimaita.

Malam ya ce, “Ba kurma ba ne ni. Nan nake son kwanciya. Ka taɓa ganin an fasa ƙasa da mutum a kanta?”

“Ai gorar za a ƙarasa maka, Baba.”

“Wa ya aike ka? Ni da tsohuwa muke maganarmu, shekara da shekaru, ba mu nemi mai raba mu ba. Ka sallami mutane, ka ba su koko.”

Masu diga suka sha koko suka tafi. Bai sake hawa gorar ba. Na dawo da tabarmata kusa da shi, a nan na riƙa ba shi ruwa da cokali. Magana ta riƙa yi masa wuya, yini guda sai ya yi kalma biyu ko uku. Ranar da zai daina magana gaba ɗaya, da hantsi, muka ji sallamar abokansa na rumfa a ƙofar gida, muryar Ba'abzinen a gaba. Na gaya masa a kunne ga mutanensa sun zo. Ya buɗe ido, ya dubi gorarsa can sama ba kowa a kai, ya dubi inda yake kwance. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya har kunnena ya taɓa bakinsa.

Ya ce, “Tsohuwa, in sun tambaye ki, ki ce faɗowa na yi.”